Sojan Da Ya Ba Da Ƙodarsa: Shin Alheri Yana Rufe Ƙofar Bariki?

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Kakanninmu da suka yi wannan magana ba su taɓa tsammanin wata rana likita zai ɗauke ta da gaske ba, har ya ciro wani sashe na jikin mutum ya dasa wa ɗan'uwansa. Yau ga shi ana yi, har abin ya zama aikin yau da kullum a manyan asibitocin duniya. Sai dai kowane sabon ilimi yakan zo da tambayarsa a goye. Tambayar da nake so mu tauna tare a wannan muƙala ita ce: mutumin da ya ba da ƙodarsa ɗaya ya ceci rai, in ya dawo ƙofar bariki yana neman a mayar masa da kakinsa aka ce masa a'a, zaluntarsa aka yi ko kuwa daidai aka yi?

Daga Amurka zan ɗauko misalin, domin a can an rubuta ƙa'idojin dalla-dalla an baza su kowa ya gani, kuma a can ana ba da ƙoda sosai. Kimanin mutum 6,000 masu rai ke ba da ƙodarsu kowace shekara, alhali waɗanda ke layin jiran dashe sun kai wajen 90,000. Ma'aikatar tsaron ƙasar tana da wani kundi mai lamba 6130.03 da ya tsara lafiyar da ake buƙata ga soja. Kashi na farko na masu neman shiga ne, kashi na biyu kuma na waɗanda ke cikin aiki. A kashi na farko an lissafa rashin ƙoda ɗaya cikin abubuwan da ke hana a ɗauki mutum, ko da haka aka haife shi, ko daga baya ya rasa ta. Kundin bai tambayi yadda aka yi ta tafi ba. Wanda ciwo ya cinye tasa da wanda ya miƙa tasa da hannunsa, layi ɗaya aka sa su.

To, a ɗauka ga wani matashi da ya yi shekara huɗu yana aikin soja, ya ajiye kaki cikin mutunci ya koma gida. Bayan ɗan lokaci ƙodar ƙanwarsa ta daina aiki, ta shiga zaryar wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Aka gwada ƴan gida, nasa jinin ya dace. Ya ba ta, ta miƙe, shi ma ya warke. Shekara biyu bayan haka ya ji zuciyarsa tana wajen abokan aikinsa, ko kuma ya ga babu sana'ar da ya iya kamar wannan, sai ya koma neman a sake ɗaukarsa. Da yake ya wuce shekara guda a waje, da ma'aunin sabon shiga za a auna shi, kuma ma'aunin ya ce bai cancanta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya roƙi sassauci daga rundunar da yake nema, ita kuma tana iya bayarwa, tana iya hanawa. A daidai wannan lokaci, abokinsa da suka kwana ɗaki ɗaya a bariki, wanda ya ba da tasa ƙodar yana sanye da kaki bayan ya nemi izinin shugabanninsa, yana nan yana faretinsa. Dokar masu ci ta bar shi, muddin ya warke kuma ƙodar da ta rage tana aiki yadda ya kamata.

Kafin mu yanke hukunci, yana da kyau mu san cewa tarihin dashen ƙoda da tarihin soja a sarƙe suke tun daga tushe. Dashen farko da ya yi nasara an yi shi ne ranar 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston. Tagwaye ne masu kama ɗaya, ƴan shekara 23. Richard Herrick, mara lafiyar, ciwon ya kama shi yana aiki a rundunar tsaron gaɓar teku. Ronald Herrick, wanda ya bayar, shi ma ya yi aikin soja. Likitan da ya jagoranci aikin, Joseph Murray, a asibitin soja na Valley Forge ya fara lura da yadda jiki ke karɓa ko ƙin fatar wani, lokacin da yake jinyar sojojin da suka ƙone a Yaƙin Duniya na Biyu. Richard ya ƙara shekara takwas a duniya, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa. Ronald ya rayu da ƙoda ɗaya har shekarar 2010, wato shekara 56 bayan aikin. Murray kuwa ya samu kyautar Nobel a 1990.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ɗaukar hankali. Ɗaya daga cikin hujjojin da likitoci suka dogara da su wajen kwantar wa masu bayarwa hankali, daga jikin sojoji aka samo ta. Wani bincike da aka buga a 1993 ya bi sawun sojojin Amurka 62 da aka cire wa ƙoda ɗaya saboda raunin da suka ji a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan shekara 45, ba a ga mutuwa ta fi yawa a cikinsu ba in an kwatanta su da takwarorinsu na wancan yaƙi. Wato soja ne ya taimaka aka gane mutum na iya tsufa da ƙoda ɗaya, kuma yau gidan soja ne ke ja da baya in mai ƙoda ɗaya ya ƙwanƙwasa.

Me ke faruwa a jiki bayan an cire ƙoda? Wadda ta rage takan ƙara girma, ta ƙara himma, har ta riƙa yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun ke yi a da. Wannan ya ishi mutum ya yi noma, ya yi gudu, ya haihu, ya tsufa. Yawancin masu bayarwa sukan koma harkokinsu cikin mako huɗu zuwa shida. Amma ba a ce babu hatsari ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna cewa cikin masu bayarwa 10,000, kimanin 31 ne ƙodarsu ta gaza gaba ɗaya cikin shekara 15, alhali cikin masu lafiya irin tasu da ba su bayar ba, kimanin 4 ne. Hatsarin ya ninku, duk da haka bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Duk wanda zai yi magana a kan wannan batu da gaskiya dole ya riƙe lissafin biyu tare.

Yanzu bari mu ba hukumar soja dama ta faɗi nata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rayuwar soja cike take da abubuwan da ƙoda ba ta so. Na farko ƙishirwa. Mu da muke zaune a bakin hamada ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san abin da ranar watan Afrilu ke yi wa mutum, balle wanda ya goya kaya masu nauyi, ya sa rigar sulke, kuma ba shi ke da ikon cewa a tsaya a sha ruwa ba. Na biyu wahalar da ta wuce kima, wadda kan sa tsoka ta farfashe ta zuba dattinta cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Na uku magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen, waɗanda sojoji ke yawan sha, alhali likitoci na gargaɗin mai ƙoda ɗaya ya guje su. Na huɗu harsashi da ɓaraguzan nakiya. Mai ƙoda biyu in ya rasa ɗaya a fagen daga yana da madogara. Mai ɗaya in ya rasa ta, sai injin wankin ƙoda, kuma injin ba ya bin runduna cikin daji.

Hujjar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina ita ce, a fagen daga jikin soja ba nasa ba ne shi kaɗai. Farar hula in ya ce na yarda in ɗauki hatsari, kansa ya ɗorawa. Soja in ya faɗi, sai wasu sun ajiye bindiga sun ɗauke shi, sai an tura mota ko jirgi cikin wuta don a fitar da shi. Saboda haka idan kwamanda ya tsaya yana tambayar lafiyar wanda za a ba shi, ba rashin imani ba ne, amana ce ta sauran ƴaƴan mutane da ke hannunsa. Wanda ya raina wannan hujja bai san nauyin aikin ba.

Duk da haka, akwai wurare uku da nake ganin dokar ta yi rauni.

Na farko shi ne abokin nan da muka baro yana fareti. Jikinsa da na wanda aka tsayar a ƙofa iri ɗaya ne: tabo ɗaya, ƙoda ɗaya. Rana ba za ta tambayi wanne ne ya bayar yana cikin aiki ba, harsashi ma haka. In da gaske ƙoda ɗaya tana hana aikin soja, da an sallami na ciki. Tunda ba a sallame shi ba, hukumar da kanta ta shaida cewa aikin yana yiwuwa. Abin da ya raba su lissafi ne: na ciki an riga an kashe kuɗi an horar da shi, kuma nauyin lafiyarsa ya riga ya hau kan gwamnati, na waje kuwa sabon nauyi ne da za a iya kauce masa. Lissafi ba laifi ba ne, kowace hukuma tana yi. Amma a kira shi da sunansa. Kuma ko a lissafin, tsohon soja ba ɗanyen kurtu ba ne, horon da aka ba shi yana nan a jikinsa.

Na biyu, dokar tana ƙidayar gaɓoɓi a maimakon auna lafiya. Kafin a yarda mutum ya ba da ƙoda, sai an bincike shi ciki da bai: hawan jini, sukari, zuciya, ƙarfin ƙodar kanta, hoton jijiyoyinta, tarihin ciwon danginsa, har da natsuwar hankalinsa. Da yawa daga cikin masu niyya a nan ake mayar da su gida. Wanda ya tsallake wannan siraɗi yana cikin mafi ƙoshin lafiyar mutane, kuma an san jikinsa fiye da yadda aka san na yawancin samarin da ke cika layin ɗaukar soja. A watan Maris na 2022 wani gungu na masu ba da ƙoda, mutum ashirin da ƴan kai, suka tunkari dutsen Kilimanjaro, mafi tsawo a Afirka, kuma mafi yawansu suka kai ƙololuwa. Hawan dutse ba yaƙi ba ne, na sani, amma ya isa ya nuna cewa kalmar "mai ƙoda ɗaya" ba ta gaya maka abin da mutum zai iya.

Na uku, aikin soja ba iri ɗaya ba ne. Bayan masu riƙe bindiga a sahun gaba akwai makanikai, direbobi, ma'aikatan jinya, masu kula da sadarwa, masu aikin kwamfuta, masu koyar da kurata. Za a ce kowane soja dole ya zama a shirye a tura shi ko'ina. Gaskiya ne, amma rundunonin da kansu sun riga sun bambanta ma'auni: abin da ake nema ga matuƙin jirgin yaƙi ko mai nutso a teku ya fi abin da ake nema ga sauran. Wanda ya iya tsaurarawa a inda hatsari ya yi yawa, zai iya sassautawa a inda ya yi kaɗan.

A nan ne zuciya kan so ta yi gaggawa ta ce: ai wannan gwarzo ne, a buɗe masa ƙofa ko don alherin da ya yi. Ban yarda da wannan ba. Kaki ba tukwici ba ne. Ranar da aka fara ba da muƙami saboda an ba da ƙoda, ranar kyauta ta koma ciniki, kuma talaka ne zai fara kai jikinsa kasuwa. Duniya ta daɗe da gane wannan hatsari. Amurka ta haramta sayar da gaɓoɓi da dokar 1984. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa amma ta hana sayarwa. Sanarwar Istanbul ta 2008 ita ma a kan yaƙi da fataucin gaɓoɓi aka gina ta. Saboda haka in likita ya auna wannan tsohon soja ya ga ƙodarsa ta raunana ko jininsa ya hau, a gaya masa gaskiya a mayar da shi, ko da ya ceci rai goma. Alherinsa ba zai ɗauke shi daga fagen daga ba in ya faɗi.

Sai dai ƙa'idar tana da fuska biyu, kuma mutane sun fi riƙe ɗaya. Lokacin da aka sabunta Sanarwar Istanbul a 2018, an bayyana cewa bai kamata mai bayarwa ya ci riba ba, kuma bai kamata ya yi asara ba. Amurka ma ta amince da wannan a wasu wurare: tun 1999 ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya ba da gaɓa yana da hutun kwana 30 da albashinsa, kuma wanda ya taɓa bayarwa, in wata rana shi ma ya buƙaci ƙoda, ana gabatar da shi a layi. To, wace asara ce ta kai a ce mutum ya rasa sana'ar da ya iya? Gwamnati ɗaya ce ke roƙon jama'a su taimaka su ba da ƙoda, domin dashe ya fi wankin ƙoda sauƙin kuɗi kuma ya fi tsawaita rai. Ita ce kuma ke tsaye a ƙofar bariki da kundi a hannu. Al'umma ta ci moriyar kyautar: ƙanwar ta bar injin wanki, wani ya samu gurbinta, baitulmali ya huta. Bai dace a bar wa mutum ɗaya kuɗin wannan moriya ya biya shi kaɗai ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai wani abu kuma da ke damuna. Me gidan soja yake nema a zuciyar mutum in ba halin sadaukarwa ba? Ana ba da lambar yabo ga wanda ya jefa kansa cikin hatsari don ya ceci abokinsa. Ana shafe watanni ana horo don a dasa wa matashi wannan hali, kuma ba kowa yake kamawa ba. Ga wanda ya nuna shi a aikace, ba da umarnin kowa ba, ya kwanta da ƙafarsa aka yanka shi saboda wani. Na faɗa cewa wannan ba zai saya masa kaki ba. Amma ya isa ya saya masa abu ɗaya: a dube shi a matsayin mutum, a auna jikinsa da gaske kafin a ce a'a, kada layi ɗaya a takarda ya yanke masa hukunci tun bai cire riga ba.

Wani zai ce ai ƙofar sassauci tana nan. Tana nan, kuma abin yabo ne. Amma sassaucin da mutum bai san sharuɗɗansa ba, wanda kan sauƙaƙa in runduna na ƙarancin mutane ya tsananta in ta ƙoshi, ba abin da za a gina rayuwa a kai ba ne. Mai shirin bayarwa yana buƙatar amsa kafin wuƙa ta taɓa shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A Amurka doka ta wajabta wa asibitin dashe ya ba kowane mai bayarwa wani wakili mai zaman kansa da zai kare muradinsa. Cikin abin da ya kamata irin wannan wakili ya tambayi matashi har da: wane aiki kake burin yi nan gaba? Yardar da aka bayar cikin duhu rabin yarda ce. In ya san ƙofar za ta iya rufewa kuma ya ce duk da haka zan ba ƙanwata, to kyautarsa ta cika, babu wanda ya yaudare shi. In kuwa sai bayan shekara biyu ya ji labari a bakin mai ɗaukar kurata, an karɓi abin da bai san ya bayar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen nesa ne. Mu ma'aikatan rediyo mun sha karanta sanarwar neman taimako ga masu ciwon ƙoda, har muryarmu ta saba da kalmomin. Asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, wasu iyalai kuma sukan sayar da gona da gida su nufi Indiya ko Masar da majinyaci da wanda zai ba shi. In aka zauna taron dangi, a kan wa ido ke faɗawa? A kan saurayi mai jini a jika, wanda sau da yawa shi ne ke jiran a buɗe ɗaukar soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, inda gwajin likita ke jiran kowa a bakin ƙofa. A gidajenmu kuwa kunya ba ta barin yaro ya ce wa baffansa bari in yi tunani. Hakkinsa ne a kan manya su je su tambayi hukumar da yake buri, su tambayi likita, su gaya masa abin da suka ji ba tare da rufa-rufa ba. In ya bayar kuma ƙofar ta rufe, to dangin da suka ci moriya su ɗauki nauyin kafa shi a wata sana'a. Godiyar baki ba ta cika tukunya.

Matsayina dai ga shi. Hukumar soja tana da hakkin ta tambaya, har ta hana in gwaji ya nuna dalili. Abin da ba ta da hakki a kai shi ne ta hana tun ba ta gwada ba, alhali tana riƙe da irinsa a cikin bariki. A rubuta sharuɗɗa a fili: tsawon lokacin da za a jira bayan aiki, ƙarfin da ake so ƙodar ta kai, awon jini, da ayyukan da aka keɓe. Wanda ya cika su a ba shi kakinsa saboda ya cancanta. Wanda bai cika ba a gaya masa dalili, a nuna masa wata hanyar yi wa ƙasa hidima. Kuma a sanar da kowa tun kafin ya sa hannu a takardar asibiti.

Mun taso ana gaya mana alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na yarda, kuma ladan mai bayarwa yana wurin Wanda ba Ya mantuwa. Amma dokokin duniya mu ke rubuta su, kuma yara suna kallon yadda muke yi wa masu alheri. In suka ga wanda ya ceci ƙanwarsa yana yawo da takardu an rufe masa ƙofa babu ko gwaji, sun koyi darasi, kuma ranar da wani namu zai kwanta yana jiran ƙoda, da wannan darasin za su amsa mana.